Mai tsofaffin littattafai na Garwa ya cika alkawari, amma sai da na jira

Jama'a ni dai na jima ina tara littattafan Nnedi Okorafor, marubuciyar nan 'yar asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, kuma bugun farko nake nema ba wanda aka sake bugawa ba. Akwai wani dattijo mai ɗan shago kusa da babbar kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru, yawanci littattafan faransanci na 'yan makaranta yake sayarwa, na ce masa Baba ko za ka iya samo min Who Fears Death na 2010 wanda kamfanin DAW suka buga mai bango mai tauri, ya ce ƙaninsa na Faransa zai duba.

Wallahi wata uku ina zarya, kullum sai ya ce kaya na Duwala, har na fara cire rai da kuɗina.

Da littafin ya iso kuwa na buɗe shafin bayanan bugu na ga layin lambobin da ke nuna karo na nawa aka buga littafi, da 1 a ciki, alamar bugun farko kenan, rigar bangon ma tana nan ba yagewa, ga kuma sa hannun marubuciyar da biro a kan shafin suna, ba takarda aka manna ba. Har hannuna rawa yake.

Abin da ban ji daɗi ba, ya ajiye shi a fili ƙurar hunturu ta ɗan taɓa gefen shafukan, na roƙe shi nan gaba ya sa a leda. Na riga na ba shi kafin alƙalami na littafi na gaba.