Laburaren jama'a na New York: ƙarfinsa yana cikin rassa

Baƙon da ya je birnin New York na Amurka yakan tsaya gaban katafaren ginin da ke titin Fifth Avenue, ya ɗauki hoto da zakunan dutse biyu da ke bakin ƙofa, ya tafi da zaton ya ga laburare. A ganina, wanda bai shiga rassan da ke cikin unguwanni ba, bai san amfanin wannan hukuma ba tukuna.

An kafa ta a 1895, lokacin da aka haɗe laburaren Astor da na Lenox da dukiyar da Samuel Tilden, tsohon gwamnan jihar New York, ya bar wasiyya a kanta, aka kuma buɗe babban ginin a 1911. Amma abin da ya kai littafi ƙofar talaka shi ne kyautar dala miliyan 5.2 da attajiri Andrew Carnegie ya bayar a 1901 domin gina rassa, bisa sharaɗin hukumar birnin ta samar da filaye, ta kuma ɗauki nauyin gudanar da su. Yanzu akwai cibiyoyi 92 a Manhattan da Bronx da Staten Island, uku daga cikin yankunan birnin.

Katin aro kyauta ne ga mai zama, ko aiki, ko karatu a jihar New York, kuma tun 2021 aka soke tarar jinkirin mayar da littafi, wadda a da take sa iyaye marasa hali su hana 'ya'yansu aro. A rassan Bronx, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, za ka tarar da yara sun taso daga makaranta suna aikin gida, magidanci yana neman aiki a kwamfuta, ga kuma ajin koyon Turanci ba ko sisi. Cibiyar Schomburg da ke unguwar Harlem, wadda aka gina kan littattafan da masanin tarihi Arturo Schomburg ya tara, ita ce ta fi burge ni, domin taska ce ta tarihin baƙar fata da duk mai nazarin Afirka ya kamata ya ziyarta.

Akwai abin da ke rikita sabon zuwa. Littattafan bincike na babban ginin ba a fita da su, a nan ake karantawa. Mai son aro sai ya tsallaka titi zuwa reshen Stavros Niarchos. Haka kuma Brooklyn da Queens, sauran yankunan birnin, kowacce tana da tata hukumar laburare daban, don haka mai zirga-zirga tsakanin yankunan nan sai ya yi rajista da kowacce.