Lambun dashen da nake saye a bakin hanyar Dutse

Damina huɗu ke nan ina sayen dashe a wani lambu da ke bakin titi kafin a shiga Dutse. Na fara zuwa a 2022, wata uku bayan rasuwar mahaifiyata, da niyyar in dasa mata itatuwa a gefen maƙabarta da harabar masallacin unguwarmu. Na ɗauki guda 40: darbejiya 25, mangwaro mai aure 10, dabino 5. Farashinsu da sauƙi, musamman darbejiya, kuma ana ragi idan ka saya da yawa.

Abin da ya fara ɗaure ni da wurin shi ne maganar mai lambun a kan dabino. Na riga na miƙa kuɗi ya ce, "Baba, tsaya in faɗa maka. Wannan daga ƙwallo na tsirar da shi. Ba mai iya gane mace ne ko namiji sai ya yi fure, kuma kafin nan sai ka yi shekara 5 ko fiye kana ba shi ruwa. Rabinsu ma na iya fitowa maza. In tabbas kake so, sai ɗan da aka yanko daga gindin uwa, shi kuwa da tsada." Da ya yi shiru, da ban san komai ba. Na ce a saka min su haka nan.

Akwai inda suka gaza. Ba sa kai kaya, sai ka nemi a-daidaita-sahu da kanka. Wasu ledojin sun tsufa sun yage, saiwar ta nannaɗe a ƙasa kamar gammo, kuma irin waɗannan ba su kama ba. Babu kuma wanda ya ce min uffan game da gara.

Hunturu ya wuce, bazara ta shigo, sai na ƙirga na tarar da 9. Gara ta cinye mangwaro daga ƙasa, awaki sun aske darbejiya, yara sun karya sauran. Ni kuwa kullum bayan asuba ina ɗora jarka biyu a baro ina zagayawa. Wata safiya wani dattijo ya tsaya yana kallona ina zuba ruwa a gindin wani tsinke mara ganye ko ɗaya, ya ce, "Malam, wai wa zai ci wannan?" Ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma gwiwata ta yi sanyi ƙwarai. Kwana goma ban sake leƙa maƙabartar ba.

Na koma lambun ne don in yi ƙorafi. Mai lambun bai musa ba, bai kuma ɗora min laifi ba. Ya ba ni dashe 5 kyauta a madadin masu nannaɗaɗɗiyar saiwa, ya durƙusa ya nuna min zurfin rami, da yadda ake cuɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a barbaɗa toka saboda gara, a kewaye da ƙaya ko tsohon kwando. Yana ɗaure ledojin ya tuna min hadisin nan da ke cewa ko da alƙiyama za ta tsaya, in akwai dashen dabino a hannunka kuma kana da ikon dasawa, to ka dasa. Na san hadisin tun ina allo, amma sai ranar na lura babu maganar cin 'ya'ya a cikinsa. Ga kuma hadisin da ya ce abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne. Tun daga nan, ganyen da awaki suka cinye ma ina roƙon Allah ya kai wa mahaifiyata ladansa.

Wanda zai je, ya bari sai ruwa ya zauna, wajen Yuli zuwa farkon Agusta, kuma ya ɗaga kowace leda ya duba gindinta kafin ya biya.

Darbejiya huɗu yanzu sun wuce katangar maƙabarta, masu haƙar kabari na ajiye ruwan shansu a inuwar. Dabino biyu suka rage, har yau ba fure. Bana na ƙaro 5.