Na gwada Fold3 wajen neman kakan-kakan surukata

Matar ƙanina Ba'amurkiya ce baƙar fata, kullum tana cewa a gidansu ana faɗin wai kakan kakanta ya yi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, amma daga suna sai jihar Kentucky ba abin da suka riƙe. Ranar nan ta ce Yaya kai da kake son tone-tonen tarihi ka taimaka min mana. Shi ne na yi rajista da Fold3 na biya kuɗin wata ɗaya, shafin ajiye takardun soja ne da ke ƙarƙashin kamfanin Ancestry.

Maganar gaskiya ta ɓangaren takardun aikin soja sun burge ni. Baƙaƙen fata wajen 180,000 ne suka shiga sojan Arewa, wato ɓangaren gwamnatin tarayya, a lokacin, kuma an ɗauki hoton katinansu an zuba. Kafin ma in nemi mutuminmu sai da na fara buga sunan Nicholas Said, ɗan Kukawa ta Borno ɗin nan da ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863, kawai don in ji daɗi. To da na koma kan aikin da aka sa ni, sunan bai fito da wuri ba, sai da na yi ta sauya harufa saboda akawun wancan zamanin yadda kunnensa ya ji haka yake rubutawa, kuma da yawa da sunan ubangidansu na bauta suka shiga soja daga baya suka canza. Cikin dare na biyu na same shi. Kati ne rawaya-rawaya da rubutun hannu mai lanƙwasa, shekara 19, manomi, tsawonsa kaza, an ɗauke shi a Camp Nelson, wani sansanin soja a Kentucky, sai jerin katina na wata bibbiyu ana cewa yana nan, yana nan, yana asibiti, yana nan. Na tura mata hoton ta kira ni tana kuka.

Amma fa ga inda nake son mai niyyar biya ya natsu. Katin soja yaro ɗan 19 zai nuna maka, babu mata babu 'ya'ya babu komai na iyali. Tarihin gida yana cikin fayil ɗin fansho, wato lokacin da sojan ya tsufa ƙafa ta ƙi ido ya dushe ya fara bin gwamnati. Dokar 1890 ta buɗe ƙofar fansho ga duk wanda ya yi kwana 90 a soja kuma jiki ya gaza, ta 1907 kuma ta mai da tsufa kansa hujja, dala 12 a wata in ka kai shekara 62, dala 20 in ka kai 75. To mutumin da aka haifa cikin bauta ina zai samo takardar haihuwa? Dole ya tara tsofaffin abokan yaƙi da maƙwabta su yi rantsuwa sun san shi, su faɗi wa ya haife shi, a gonar wa, yaushe ya yi aure, wasu ma da alamar X suke sa hannu. A 1898 da 1915 ofishin fansho har fom ya aika musu su rubuta sunan mata da na 'ya'ya da ranar haihuwar kowa. Wannan shi ne naman, sauran duk romo ne.

Abin da na samu a Fold3 a nan shi ne katin da ke ɗauke da lambar fayil ɗin. Akwai wasu fayilolin matan da mazansu suka rasu da aka riga aka ɗora, amma yawancin na tsofaffin sojojin har yanzu takarda ce a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Washington, sai ka ɗauki lambar ka yi oda can da kuɗinsa daban ka jira. Mun yi odar, muna zuba ido. Wanda kakansa ya yi wa Kudu yaƙi kuma ya sani jihohi ne suka biya nasu fanshon, can zai nema.

Shawarata, fara da na kyauta tukuna, shafin binciken asalin dangi na FamilySearch da kuma rumbun sunayen sojoji na hukumar gandun daji ta Amurka (National Park Service) mai ɗauke da sunaye sama da miliyan 6, ka gano rundunar da mutuminka ya yi, sannan ka zo ka biya wata ɗaya ka sauke komai a kwamfuta. Ni wata ɗayan ya ishe ni har na rage kwanaki. Tauraro huɗu na ba su cikin biyar, kuma ka yi aikin a babban allo don rubutun nan a waya sai ya sa ka ciwon kai.