Rumfar mai dawisu: ba ni zan aure shi ba

Shekara guda ke nan da wata uku da na sayi dawisu, miji da mata, a wata rumfa gefen masu kaji nan cikin Maraɗi. Tun daga lokacin ake tsayar da ni bakin masallaci ana tambaya ko wurin ya cancanci a je. Ga amsata a rubuce, in huta da maimaitawa.

Mai rumfar saurayi ne, sa'an ɗana na biyu. Kuɗin da ya karɓa ya kai na ragon layya mai ƙiba, kuma ko dala bai rage mini ba. Abin da ya sa na zura hannu aljihu daban ne. Na nuna wani namiji mai sheƙin wuya na ce shi nake so, sai ya ce, "Baba, ka zaɓa da idonka, amma ba kai za ka aure shi ba. Zo gida gobe da sassafe ka ga wanda matan ke tsayawa gabansa."

Na hau kabu-kabu bayan sallar asuba na je. Maza uku ne a garkarsa. Ɗaya ya ɗaga jela ta buɗe kamar ƙaton faifai, ya juya wa mace baya, ya jira ta matso, sannan ya waiwayo farat ɗaya yana karkaɗa gashin, kana jin shuuu kamar iska cikin busasshen karan dawa. Ita kuwa tana ta tsince-tsince a ƙasa kamar ba da ita ake ba. Amma ba ta bar wurin ba. Wanda ni na zaɓa jiya yana can gefe yana buɗe wa bango tasa. Daga baya ne na lura abin da muke ce wa jela gashin baya ne ya yi tsawo. Wutsiyar gaskiya gajera ce, tana ƙarƙashi tana tallafe da shi.

Shekara talatin na yi ina koyar da ilimin halittu a kwaleji. Na sha rubuta wa yara a allo cewa a 1871 masanin halittu Darwin ya bayyana dalilin wannan kaya mai nauyi: mata ne ke zaɓe, wanda aka zaɓa shi ke barin 'ya'ya. Na sha gaya masu labarin wata mai bincike, Marion Petrie, wadda a gidan namun daji na Whipsnade a Ingila ta yanke wa wasu maza idanun jela ishirin-ishirin, wato zanen nan mai kama da ido da ke jikin gashin, sai mata suka rage kula su. (Wasu masu bincike a Japan sun bi nasu dawisun shekara bakwai ba su ga haka ba, maganar ba ta mutu ba har yau.) Duk wannan da alli na san shi. Sai da yaron da bai gama lakwal ba ya tsayar da ni cikin kashin kaji na gani da idona.

Wajen abinci ma shawararsa ta yi amfani: hatsi, ganye, da gara ga 'yan tsaki, kamar yadda ake wa 'ya'yan zabbi. Macen ta yi ƙwai biyar, ta kwanta kwana 28, uku suka fashe. Da aka yi ruwan farko jikokina suka taro masu shinge a fitila. Shingen ma fitar aure suka yi, abincin wasu suka zama.

To, ga inda muka saɓa. Ƙarshen damina na fito na tarar da gashin jela zube tsakar gida, kwana kaɗan tsuntsu ya koma kamar wanda aka yi wa aski. Na kwashi gashin cikin leda na tafi rumfa raina a ɓace, ina cewa mai ciwo ya sayar mini. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, biki ya ƙare, ango ya tuɓe riga. Za ta sake fitowa." Ta kuwa fito. Laifina ne da na manta abin da na karanta, amma mai sayar da abu mai wannan tsada ya kamata ya faɗa tun ranar ciniki. Haka bai gaya mini kukan ba. Lokacin neman mace namijin kan tsala ihu tsakar dare, har maƙwabciyata ta aiko a tambaya ko lafiya.

Kejin da mai rumfar yake kai dawisun kasuwa a ciki ya yi ƙanƙanta, yana karya masu gashi, ruwan shansu kuma wani lokaci kore shar. Ba ya ba da takardar ciniki. In ya nuna maka ƙaramin namiji mai araha, ka sani sai ya kai wajen shekara uku jela ke cika.

Zan koma wurinsa, don namiji ɗaya yakan riƙe mata fiye da ɗaya kuma ina son ƙara mace. Na riga na aika wa maƙwabciya da gashi biyu na ban haƙuri.