PlanSwift da ƙirgen sitod a aikin fatishin

Aikina lissafin kayan gini ne, kuma yawancin abin da ke zuwa teburina yanzu fatishin ne na ofisoshi da shaguna a Kano da Abuja, wato allon jifsam a kan ƙarafa. Ƙarfen tsaye shi ne sitod, na kwance sama da ƙasa kuma tirak. Tirak ba ya ba da wahala, tsawon bango ne sau biyu. Sitod ne ke haɗa mai lissafi faɗa da foman, shi ya sa a kansa nake gwada kowace manhaja. Wadda na tsaya a kanta ita ce PlanSwift.

Wajen awo sai dai yabo. Ka shigo da zanen ginin a PDF, ka saita sikeli, wato ma'aunin zanen, da wani dogon awo da mai zane ya rubuta, sai ka bi bango kana dannawa, tsawon yana taruwa a gefe, kowane irin bango da launinsa. Aikin da a da ke cin yini guda da rula da jan biro, yanzu kafin azahar an gama. Kuma idan mai aiki ya ce "Malam, ina ka samo wannan adadi?" sai in juya masa kwamfutar ya gani da idonsa.

Amma tsawon bango daban, yawan sitod daban. Abin da ya sa na fi son PlanSwift ke nan: tana barin ka rubuta naka lissafin ka liƙa wa kowane irin bango. Wata 'yar manhajar kyauta da na gwada a waya, iyakarta ta raba tsawo da tazara ta ƙara ɗaya. Duba yadda hakan ke cutarwa. Bango mai mita 12, tazarar sitod milimita 600, ya ba ka 21. Gaskiya ne idan bangon miƙaƙƙe ne ɗoɗar. To idan mita 12 ɗin nan ɗaki ne mai bango huɗu, kowanne mita 3 fa? Kowane bango na son nasa na farko da na ƙarshe, shida-shida, 24 ke nan. Kowace kusurwa tana son ƙarin ɗaya don gefen allo na ciki ya samu abin kamawa, sun zama 28. Ƙofa kuwa ina sa mata biyu-biyu a kowane gefe, domin ita ce ake bugawa safe da yamma, kuma ba na rage wanda ya faɗo a tsakiyarta, tunda guntunsa zai hau saman ƙofar. Mun kai 32. Tsakanin 21 da 32 akwai ƙarfe 11 a ɗaki ɗaya tak. Ninka wannan a hawa guda na ofis, za ka gane dalilin da ma'aikata ke zama a inuwa suna jiran a koma kasuwa.

Saboda haka a PlanSwift ina zana kowane bango daban, ba na jan layi ɗaya ya zagaye ɗaki. Sannan in ɗauki abin ƙirge in danna kan kowace kusurwa, kowace mahaɗar bango, kowace ƙofa da taga, kowanne da adadin da na ɗora masa. Saitin farko yana cin lokaci, ba zan ɓoye ba. Amma da zarar ka adana shi, aiki na gaba ja kawai za ka yi ka ajiye.

Akwai wuri biyu da nake roƙon abokan sana'a su buɗe ido. Na farko inci. Manhajar daga Amurka take, kuma a can tazarar da aka saba ita ce inci 16 ko 24, saboda allonsu ƙafa 4 ne a faɗi. Inci 16 ya ɗan haura milimita 406. Idan allon da ke hannunka mai faɗin milimita 1200 ne, tazara uku za ta kai 1219, bakin allo ya kauce wa tsakiyar ƙarfe, inda ya kamata ya sauka, da milimita 19, allo na biyu kuma ya ninka kaucewar. Mai 1200 yana son 400 ko 600, mai 1220 shi ke tafiya da inci. Ni kafin in saita komai sai na kira kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ko ta Dei-Dei an sa wa allon tef an faɗa mini. (Kafintocin Amurka ma ba su yarda da rabawa kawai ba. Da yawansu sitod ɗaya suke ƙirgawa a kowace ƙafa, alhali tazarar inci 16 uku take bukata a ƙafa huɗu. Na huɗun na kusurwa ne da ƙofa.)

Na biyu, kada ka bari a lissafa maka sitod da mita. Bango mai tsayin mita 2.7, sitod 24, ya kama mita 64.8. Raba da mita 3 na kowane sanda, sai ka ga 22. A wurin aiki kuwa 24 za ka yanka, ragowar santimita 30 ɗin ba sa haɗuwa su zama sanda. A sa lissafin ya fito da guda-guda, sannan a ɗora kashi 5 cikin ɗari na wanda ya lanƙwashe a mota ko aka yanka ba daidai ba. Banɗaki da za a manna wa tayil ina ware shi da tazarar 400, saboda nauyi.

Kuɗinta da dala ake biya, kuma a Windows take aiki. Wanda ke samun fatishin jefi-jefi, tef da Excel sun ishe shi, muddin ya buɗe layin lissafin sitod na kusurwa da na ƙofa. Ofishin da zane ke shigo masa kowane mako kuwa, ina ba shi shawara ya saya, ya zaunar da foman ɗinsa a gefe ranar da za a rubuta lissafin farko, don shi ya san sitod nawa yaransa ke sa wa a kusurwa.