Kafin ka sayi Tintin ko Asterix a Kano, duba shekarar da aka zana shi

Mai sayen littattafan labarin zane yakan ɗauka suna ɗaya kaya ɗaya ne. Ba haka ba ne. Jerin da ya shekara hamsin yana fita, mai zanensa ya tsufa a cikinsa, wani ma ya rasu an miƙa wa wasu alƙalamin. Saboda haka shekarar fitowar littafi ta fi sunan da ke bango muhimmanci.

In kuɗinka na jeri ɗaya ne, sayi Tintin. Hergé, mutumin Beljiyam, ya fara shi a 1929, kuma hannunsa bai bar aikin ba har ya rasu a 1983. Amma kada ka fara daga farko. Na Kwango, wanda ya fito a littafi a 1931, aikin saurayi ne da bai taɓa taka Afirka ba: baƙar fata da manyan leɓɓa, Bature na koya musu hankali. An sake zana shi da launi a 1946, rainin dai bai fita ba. Bar shi a kan tebur.

Wurin farawa shi ne The Blue Lotus na 1936. A nan ne wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin, Zhang Chongren, ya zauna da Hergé ya nuna masa yadda ƙasarsu take. Duba allunan shaguna a bayan mutane, rubutun Sinanci ne na gaske, ba zane-zanen cike gurbi ba. Daga nan bincike ya shiga jinin Hergé, jirgi ko mota sai ya nemo hotonta kafin ya zana. Kyaftin Haddock, abokin tafiyar Tintin, ya shigo a farkon shekarun 1940, dariya ta ƙaru. Tintin in Tibet na 1960 shi ne ƙololuwa: babu mugu ko ɗaya a ciki, neman aboki ne kawai a cikin ƙanƙara, shafuka fari fat. A Tintin and the Picaros na 1976 kuwa gajiya ta nuna, har wandon Tintin an canza masa. Iyaye su sani, Haddock mashayi ne, kwalba ba ta barin hannunsa, sai a yi wa yaro bayani.

Asterix na biye, da sharaɗi. Duba bango ka ga sunan marubuci. Guda 24 na farko René Goscinny ya rubuta, Albert Uderzo ya zana, su ne na saye. Goscinny ya rasu a 1977, Uderzo ya haɗa rubutu da zane daga 1980, zane ya ƙara kyau, barkwanci ya yi lami. Sabbin hannu sun karɓa a 2013, ba laifi, amma ba su ne na farkon saye ba. One Piece kuwa, labarin zane na ƙasar Japan, tun 1997 ake bugawa, ya haura littafi 100, aljihunka zai ƙare labari bai ƙare ba.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Jabu ya yi yawa, a teburan littattafai na wajen Sabon Gari da kuma hannun masu talla a WhatsApp da Instagram. Labarin Tintin mai launi shafi 62 ne, ƙirga su a gaban mai kaya. Jabu yakan tsallake shafi huɗu ko takwas a tsakiya, ko ya maimaita su, domin a haɗe ake buga su. Ɗaga shafi ɗaya ka kalli haske: in zanen baya ya fito raɗau, takardar ta yi siriri. Sai baƙin layin da ya kewaye fuskoki. A na asali siriri ne mai kaifi, launi na zaune cikinsa daram. A jabu launin kan zame ya fita gefe, rigar Tintin mai shuɗi ta koma kamar bula ta yi yawa a wanki. Goga yatsa a kan baƙin wuri, in ya shafa maka tawada, mayar masa da kayansa.

Buɗe littafin daga tsakiya ka leƙa gindinsa. Gam mai arha ba ya jure zafin Afrilu a Kano, yana bushewa ya tsage, shafuka su fara zubowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ɗinke da zare ya fi. Shafin bayanan maɗaba'a ma a duba, in Tintin ne, Casterman a na Faransanci, Methuen, Egmont ko Farshore a na Ingila. In rubutun wurin ya yi dishi-dishi, hoton shafi aka ɗauka aka buga.

Kwalin da aka naɗe da leda aka ce cikakken jeri ne, kada ka biya sai an buɗe. In mai kaya ya ce, "Alhaji, in na buɗe wa zai saya?", ka ce ku yi ciniki tukuna, a buɗe a gabanka, in da aibi ya riƙe abinsa. Mai tallan waya kuma ya turo bidiyon yana buɗa shafukan littafin da zai aiko, ba hoton bango daga intanet ba.

Gwanjo na asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, ko da hatimin laburaren wata makaranta a jikinsa. Sai dai a shinshina saboda damshi, a duba gefe ko gara ta taɓa. Ƙananan bugun nan masu labari uku a littafi ɗaya suna da sauƙin kuɗi, amma an matse zanen, rubutun ya zama ƙanana, mai matsalar ido ya nemi babban bugu.