Na loda fulogin 23 a shafin rigunan Baffa, yanzu saura 7

Baffana ɗan cikin birnin Zariya ne, kuma tun ban san kaina ba sana'arsa ke nan, manyan riguna masu ɗinkin hannu. Shi ba ya riƙe allura yanzu, ido ya yi rauni. Yana sayen shadda, ya kai wa mai zane, daga nan a rarraba wa masu ɗinki, wasu maza a zaure, wasu mata a cikin gida, in an gama a kai wa masu bugu su fito da ƙyallinta. Aska biyu, aska takwas, har da huluna ƙube. Riga ɗaya mai aiki sosai takan ci watanni kafin ta fito. Ni kuwa da na gama karatu a Samaru na zauna ba aiki, sai na ce bari in buɗe masa shafin intanet ko ma samu masu saye daga nesa. Da WordPress na gina shi, kuma yau shekara biyu ke nan ina fama da abin da ake kira fulogin. A kansu zan yi wannan sharhi.

Ga wanda bai sani ba, WordPress manhaja ce ta kyauta da ake gina shafi da ita, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003. In ka girka ta, abin da za ta ba ka shi ne wurin rubutu da sa hoto. Duk wani ƙari, kamar sayar da kaya ko karɓar kuɗi ko tsaron shafi, sai ka ɗora mata wata ƙaramar manhaja, ita ce fulogin. Tun 2004 aka buɗe wannan ƙofa, yanzu kuma a rumbun WordPress kaɗai akwai dubun-dubatansu, duk na kyauta. A nan tarkon yake. Ka danna sau biyu, shafinka ya samu sabon abu, ba ka biya ko kwabo ba. Na zama kamar yaron ƙauye da aka saka a kasuwar Sabon Gari aka ce ya ɗebi abin da yake so. Mai sa hotuna su riƙa zamewa, na sa. Mai ƙirga baƙi, na sa. Mai fito da akwatin maraba, mai agogo, mai tsara shafi ta hanyar ja da ajiyewa, duk na sa. Kafin wata uku sun kai 23.

A kwamfutata shafin ya yi kyau ƙwarai. Ranar da na kai wa Baffa ya gani a wayarsa ne asiri ya tonu. Muna zaune a zaure, ya danna, farin allo ya tsaya yana kallonmu, mu ma muna kallonsa. Can ya ce, "Ɗana, wannan shagon naka sai an yi sallama sau nawa ake buɗewa?" Na ce, "Baffa, sabis ne ba kyau." Ya buɗe Facebook nan take ya buɗe. Bai ƙara cewa komai ba, ya miƙo mini wayar.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne yawancin fulogin ɗin ado suna aika nasu kayan zuwa wayar mai kallo a duk lokacin da ya buɗe shafi, ko da ba a wannan shafin ake amfani da su ba. Wayar ce za ta sauke duk wannan lodi, da datar mutum. Mai sayen rigar Baffa ba a ofis yake zaune da intanet mai ƙarfi ba. Yana kasuwa ne ko cikin mota, da waya matsakaiciya da data ta mako. In shafi ya yi masa nauyi fita zai yi, kuma ba zai kira ka ya gaya maka dalili ba.

Duk da haka ban hankalta ba sai da na yi abin kunya. Akwai wani fulogin na kuɗi da nake so, mai nuna hoto babba in an taɓa shi, don mutum ya ga zaren ɗinkin sosai. Da dala ake biyansa duk shekara, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake biya da dala ya zama sai an yi shawara da aljihu. Sai wani abokina ya turo mini shi kyauta, irin waɗanda ake fasa makullinsu a watsa a intanet. Ya ma kawo mini hujja cewa lasisin GPL da WordPress ke kai ya halatta rarraba manhaja. Wannan gaskiya ne a takarda. Abin da bai faɗa ba shi ne babu wanda ya san abin da mai fasawar ya cusa a ciki. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Bayan 'yan makonni, ana daf da Babbar Sallah, lokacin da cinikin riguna yake tashi saboda masu hawa da masu zuwa kallon hawa, sai wani dattijo daga Kano ya kira Baffa ya ce ya danna adireshin shagonsa ya tsinci kansa a shafin caca. Baffa mutum ne da ke limanci a masallacin unguwa in liman ba ya nan. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. "Sunana ka kai gidan caca?" Abin haushin ma, in na buɗe a kwamfutata lafiya ƙalau yake, masu waya kaɗai ake karkatarwa, shi ya sa ya daɗe ban gani ba.

Wanda ya cece ni a ranar shi ne UpdraftPlus, kuma shi ne fulogin ɗin da na fi yi wa addu'a. Aikinsa ɗaya: ya kwafi shafin gaba ɗaya, da hotuna da rubutu da bayanan ciniki, ya ajiye a wani wuri dabam. Na saita shi tun farko yana kai kwafi Google Drive duk mako, na ma manta da shi. Na koma kan kwafin da ya riga ɓarnar, na goge gurɓataccen, na canza duk kalmomin sirri. Odar kwana goma sha wani abu ta ɓace, sai daga saƙonnin imel na sake tattara su. Na kyautarsa ya ishi ƙaramin shago. Abin da zan ce kawai, kada ka bar kwafin a kan sabar, wato kwamfutar haya da shafin yake zaune a kanta, domin in gida ya kama wuta har da akwatin da ke ciki zai tafi. Kuma ka gwada dawo da kwafin sau ɗaya tun ana zaman lafiya, don ka san hanya.

Bayan nan na sa Wordfence. Yana binciken fayiloli ya gaya maka in wani ya canza, yana toshe mai yawan gwada kalmar sirri, kuma yana ba ka damar ƙara lambar tabbaci ta waya kafin shiga. Na kyautar yana samun sababbin dokokin kariya ne bayan kwana 30 da masu biya suka samu, amma ni ya wadatar da ni. Ranar farko da na ga jerin masu ƙoƙarin shiga shafin daga ƙasashen da ban taɓa tunani ba, dariya ta kama ni. Wa ya san Baffa a can? Ashe ba mutane ba ne, na'urori ne da ke bin kowace ƙofa suna murɗawa.

Daga nan na shiga sharar gida. Duk fulogin da na kasa faɗin abin da zai ɓaci in babu shi, na goge. Kashewa kawai ba ta isa, domin fayilolinsa suna nan zaune a sabar. Fulogin ɗin tsara shafi ma na cire shi, na koma kan editan tubali da WordPress ya zo da shi tun Disambar 2018, ya yi mini duk abin da nake bukata. Maɓallin WhatsApp da na sa wa fulogin guda, ashe adireshin wa.me ne kawai da lambar waya mai farawa da 234, ba ya bukatar komai.

WooCommerce shi ne shagon kansa, ba a maganar cire shi. Ya fito a 2011, kamfanin Automattic ya saye shi a 2015, kuma kyauta ne. Ya san naira, yana ba ka damar sa kala da girma ga kowace riga, da kuɗin aike dabam-dabam gwargwadon nisa, don aika kaya Kaduna a motar haya ba ɗaya yake da aika shi Legas ba. Yana da nauyi, wannan ba a ɓoye yake ba, amma nauyin mai dalili ne. Na haɗa shi da fulogin ɗin Paystack don karɓar kuɗi. Lokacin da na yi rajista suna cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, amma ba ya wuce naira 2,000 komai tsadar kaya, wanda ga mai sayar da rigar dubban ɗaruruwa sauƙi ne. Yana karɓar kati da tiransifa. Sai dai in faɗi gaskiya, yawancin masu sayenmu ba ta nan suke biya ba. Mutum zai ga riga a shafi, ya danna WhatsApp, a gaisa, a tambayi iyali, ya ce a ɗauko masa bidiyon wuyan rigar a rana, a yi ciniki, sannan ya tura kuɗi kai tsaye, Baffa ya ga alat. Bahaushe ba ya sayen babbar riga bai taya ba. Waɗanda ke biya ta shafin galibi 'yan'uwanmu ne mazauna waje ko matasa masu sayen hula.

Don saurin buɗewa, LiteSpeed Cache na sa, domin sabar da nake haya irin tasa ce. Ka tambayi masu ba ka hayar sabar kafin ka sa shi, in sabarsu ba LiteSpeed ba ce babban amfaninsa ba zai same ka ba, gara WP Super Cache. LiteSpeed Cache ɗin ne kuma ya matse mini hotuna zuwa WebP, wani tsarin hoto mara nauyi, wanda WordPress ya fara karɓa a 2021. Hoton ɗinki yana da wuyar sha'ani, in ka matse shi da yawa zaren ya dagule ya koma kamar na inji, kuma a nan duk darajar rigar take. Sai da na gwada sau da yawa kafin na samu tsaka-tsaki. Yoast SEO kuwa ina amfani da shi ne don abu biyu, taken da zai fito a Google da hoton da zai bayyana in an tura adireshi a WhatsApp. Fitilunsa masu auna daɗin rubutu na kashe su, tunda ba a kan Hausa aka gina ma'auninsu ba.

Wanda na fi jin daɗin aiki da shi shi ne Loco Translate. Yana ba ka damar fassara kowace kalma ta shafin daga ciki, ba sai ka taɓa fayil ba. Na zauna dare uku ina mayar da maɓallai Hausa. Wanda ake dannawa a zaɓi kaya na sa masa "Saka a kwando". Baffa ya ƙi. "Kwando na tumatir ne. Wa ka taɓa gani ya sa aska takwas a kwando?" Muka yi ta ja, har Inna ta leƙo daga cikin gida ta ce a rubuta "Ajiye mini wannan", don haka mai saye yake faɗa a shago. Shi ke nan a kai har yau. Wurin biya kuma muka sa "Mu je ga biya". Wata shawara: in za ka adana fassarar, zaɓi wurin da ba cikin jakar fulogin ɗin ba, in ba haka ba ranar da aka sabunta shi aikinka zai bi ruwa.

Maganar sabuntawa, tun 2020 WordPress ke iya sabunta fulogin da kansa. Na kunna wa ƙananan, amma na shago da na karɓar kuɗi da hannuna nake yi, da safe, bayan na ɗauki kwafi, kuma ba na yi in Sallah ta matso. Sau ɗaya wani da na riga na rabu da shi yanzu ya rufe shafin gaba ɗaya bayan sabuntawa. In haka ta same ka, duba imel ɗinka, WordPress yakan turo adireshin shiga na gaggawa. In bai zo ba, shiga fayilolin sabar, ka canza sunan jakar fulogin ɗin da kake zargi, shafin zai dawo.

Abin da har yau ban samu fulogin ɗin da ya warware mini ba shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Abin ma da ban takaici a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Adireshin intanet ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ kai tsaye, sai ya mayar da ƙ ta zama %c6%99, adireshi ya yi tsawo ya yi kama da na 'yan damfara. Wannan da hannu nake gyara shi, in sa k a adireshi in bar ƙ a take. Matsalar akwatin nema ta fi ciwo. Na rubuta "ƙube" daidai, mai saye ya rubuta "kube" domin wayarsa ba ta da harafin, shafi ya ce masa babu, alhali huluna suna nan jibge a ɗakin Baffa. Dabarar da na yi ita ce a ƙarshen bayanin kowane kaya ina ƙara sunansa ba lanƙwasa. Yana aiki, amma duk lokacin da na ga "kube" a ƙarƙashin "ƙube" sai in ji kamar malaminmu na Hausa na firamare yana tsaye a bayana da jan biro.